Ƙeyar Shinge

Wani ƙauye a bakin kogi, Alaska
Ƙarshen Afrilu, 1994

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Murar da ta kwantar da ni kwanakin baya ta sake ni. Aiki kuma yana nan yadda ka san shi, asibitin namu ɗaki biyu ne amma ba ya rabuwa da mutane. Ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa, an ce nan gaba kaɗan filin saukar jirgi zai koma taɓo. Idan ka ji ni shiru kada ka ce fushi na yi, jirgin wasiƙu ne ya kasa sauka. Waya kuwa na daina wahalar da kaina, tunda ba ka ji, sai dai ka yi ta cewa "iye?" har layin ya yanke.

Wasiƙarka ta iso. Ka cika shafi biyu da labarin ciyawa da dashen tumatir da sabon fentin gareji, amma ba ka ce mini ka faɗo daga tsani ba. Kada ka tsaya musu, Baba, hannun damanka ya riga ya gaya mini komai. Na san watan share indararo ne, na kuma san ba ka taɓa yarda wani ya hau maka rufi ba. Ka haura saba'in fa. Tun rasuwar Mama nake bin ka da maganar gidajen kula da dattawan nan na kusa da coci, kana kau da kai. Abin da kawai ya sa na ƙyale ka kai kaɗai a gidan nan shi ne tagar kicin ɗin Kawu Floyd tana kallon filin bayanka, ko tuntuɓe ka yi sai ya gani.

Don Allah ka bar hawa tsani. Ka gaishe mini da Kawu Floyd da Inna Bernice, ka ce musu ina kewar gasasshen haƙarƙarin ranar Asabar.

'Yarka,
Gail

St. Paul, Minnesota
Farkon Mayu

Gail,

Lafiyata ƙalau, tunda da ita aka saba farawa. Ina ci, ina sha, hawan jinina yana inda likita yake so. Gwiwa ce kawai take yi mini ƙorafi in hadari ya taso. Ina fatan murar ba ta dawo ba. Ki riƙa sa safa biyu.

To, na faɗo. Sai me? Ba daga rufi ba ne, daga tsakiyar tsani ne, kuma ƙasa ce mai laushi ta ci amanar ƙafar tsanin. Wuyan hannu ya ɗan tsage, an ɗaure, yana warkewa. Ba hannun ne yake yi mini ciwo ba, layin nan naki ne, wai hannun damana ya gaya miki komai. A tsaye na karanta shi, na nemi kujera na zauna na sake karantawa.

Duk unguwar nan, daga mai kawo wasiƙa har fasto, wa ake kira hannun daman Arvid in ba Floyd Kubiak ba? Mahaifiyarki ce ma ta laƙaba masa sunan, shekarar da muka gina murhun jan bulo a bakin iyakar filayenmu, ni ina jera bulo, shi yana miƙo mini kwaɓi yana zuba surutu. Shi ya tsince ni a ƙasa ranar da na faɗo, shi ya kai ni asibiti a motarsa. A hanyar dawowa na ce masa, "Floyd, maganar nan ta mutu a cikin motar nan. In Gail ta ji, gidan dattawa za ta kai ni, inda ake ba mutum tukunyar fure ɗaya a ce masa ga lambunsa nan." Ya ɗaga hannu daga sitiyari ya ce, "Haba Arvid, ni? Ko Bernice ba za ta ji ba. Za mu ce mata ƙofar gareji ce ta datse ka." Har na ji daɗi a raina, na ce ina da aboki.

Ranar Asabar sai ga shi ya tsallako kamar kullum, da tiren haƙarƙari a hannu, yana fito. Na tare shi a bakin murhu.

Na ce, "Sannu da aiki, gidan rediyo."

Ya ce, "Me kuma na yi?"

Na ce, "Ai ban san muryarka tana kaiwa Alaska ba."

Ya tsaya yana ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci. Da ya gane inda na dosa sai ya hau rantse-rantse, wai ko adireshinki ba shi da shi. Na ce in ba shi ba, to wa? Tsanin ne ya rubuta miki? Ya ce, "Kai tsohon ɗan Norway, ina jin kanka ne ya bugi ƙasa ranar, ba hannu ba." Na ce gara bugaggen kai da yoyon baki. Nan fa fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Shekara talatin ina shaƙar hayaƙinka, yau ni kake kira maƙaryaci?" Ya dire tiren a kan murhu ya juya. Na ɗauki tiren na bi shi da shi, na ajiye a kan ciyawarsa, na dawo.

Ranar Litinin na je kantin katako na sayo falankai da ginshiƙai da buhunan siminti. Shinge zan kafa, dogo, wanda ya fi tsayin mutum. Kin ce tagar Floyd ce take gadina. Ni ba jariri ba ne da za a ba wani raino, kuma ban gina gidan nan don in zauna a ciki kamar kifi a kwalba ana leƙe na ba. Ramukan ginshiƙai na fara haƙa su, da hannun hagu da gwiwa da taurin kai. Aikin ba ya sauri amma yana tafiya.

Maganar gidan dattawa kuma, ki ninke ta ki sa a aljihu. Daga gidan nan sai inda mahaifiyarki take.

Mahaifinki,
Arvid

St. Paul
Tsakiyar Yuni

Gail,

Ina lafiya. An kwance mini ɗaurin hannu, yatsun suna motsi, sai ɗan tsami da safe. Ke fa? Shiru nake ji. Kin ce jirgi ne, na yarda jirgi ne, amma wani sa'in nakan ce ko kunyar tona asirin ɗan rahotonki ce ta hana ki ɗaukar alƙalami. Ko ma mene ne, ki rubuto in san kina numfashi.

Shinge ya tsaya. Asabar da Lahadi duk a kansa na ƙarar da su, har fasto ya fara tambaya ko na sauya coci. Da kin gan shi da kin yaba, a miƙe yake ɗoɗar daga kusurwar gareji har bishiyar tuffa, babu falankin da ya fi ɗan'uwansa tsawo. Murhun yana ɓangarena, don a ƙasata yake, ko da rabin bulon Floyd ne ya ɗauko.

Yanzu ga abin da ya tayar da unguwa. Kin san ƙa'ida kamar yadda kowa ya sani, shinge yana da fuska yana da ƙeya. Fuska ita ce gefen da falankai suka jeru sumul. Ƙeya kuma inda ginshiƙai da sandunan gicciye suke tsirara. Mai shinge shi yake zama da ƙeya, ya ba maƙwabcinsa fuska, haka kakanki ya koya mini kuma haka na yi wa mutane duk tsawon rayuwata. To wannan karon na riƙe fuskar. Floyd na juya wa ƙeya, duk safiya in ya ɗaga labule ita zai fara gani.

Bernice ce ta fara magana, ta ƙofar gaba, da hannu a ƙugu. Ta ce, "Arvid Torkelson, da matarka Lorna tana raye da ba ka isa ba." Na ce, "Gaskiyarki, amma ba ta raye." Na ji zafin maganar a bakina, ban dai janye ta ba.

Bayan ta sai ga Mista Penhale na ƙungiyar masu gidaje, matashin nan mai gajeren wando da yake auna tsawon ciyawar mutane da ido. Ya tsaya yana murza hannu. Ya ce, "Mista Torkelson, ina ganin an ɗan yi kuskure, an kafa shingen a juye." Na ce, "Samari, tun ba a yi auren iyayenka ba nake kafa shinge. Wannan ba kuskure ba ne, magana ce." Ya ce dokar ƙungiya ta ce fuska a waje. Na ce to dokar ta zo da gudumarta ta juya shi, zan ba ta ruwan sanyi in ta gaji. Ya tafi yana cewa za su zauna a kaina. Su zauna. Ni ma a zaune nake.

Shi kuwa Floyd, abin da ya yi ya fi zagi, ya je ya sayo murhun gas. Floyd fa, mutumin da yake cewa nama in bai sha hayaƙin gawayi ba dafaffe ne! Ranar Asabar ina jin sa ta bayan shinge yana ta danna maɓalli, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar mai neman tashar rediyo. Ba ƙamshi ba hayaƙi, in ba a gaya miki ba sai ki ce shayi ake dafawa. Ni kuwa na hura gawayina na ɗora cinyoyin kaza da masara, na jira iska ta juya wajensa na ƙara ɗanyen itacen tuffa a wutar. Na ji shi yana tari. Na ci kazata a kujerata, a gaban shingena mai kyakkyawar fuska, ba wanda ya ce mini gishiri ya yi yawa.

Ba zan ɓoye miki ba, kazar ba ta yi daɗi ba. Ina jin kantin ne suka sauya inda suke sarowa.

Mahaifinki,
Arvid

Alaska
Ƙarshen Yuni

Baba,

Ina lafiya, na kuma gode Allah da aka kwance maka hannu. Jirgi ya sauka jiya, ya kawo mini wasiƙunka biyu a haɗe. Na karanta ta farko na dafe kai, na karanta ta biyu na rasa ko kuka zan yi ko dariya. Har abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Baba, hannun damanka na ce. Hannu! Wanda yake manne a kafaɗarka, mai yatsu biyar! Rubutunka ne ya tona ka. Tun ina firamare na san rubutunka, a tsaye yake kamar sojoji. Waccan wasiƙar kuwa layukan sai gangarowa suke yi, haruffan suna rawa, ka danna alƙalami har ya huda takarda, irin na wanda aka ɗaure wa wuyan hannu. Aikina ke nan fa, kullum ina ganin masu karaya suna sa hannu a takarda. Na haɗa da watan share indararo, na san abin da ya faru. Kawu Floyd bai taɓa rubuto mini ko katin Kirsimeti ba, Inna Bernice ce take rubutawa ta sa sunansa. Mutumin nan ya ɗauke ka daga ƙasa, ya riƙe maka asiri har ya yi wa matarsa ƙarya, kai kuma ka kira shi maƙaryaci ka juya masa ƙeyar shinge.

Na ji haushin kaina da ban faɗi maganar a fili ba. Amma kai ma da ka jira amsata kafin ka kwaɓa siminti.

Yanzu ka saurare ni, don ni ma 'yarka ce, taurin kan nan a wurinka na gada. Ka toshe ido ɗaya tilo da yake ganinka. In ka sake faɗuwa a filin nan, sai dai ƙudaje su ba da labari. Ba zan iya zama a nan ina duba marasa lafiya zuciyata tana can bayan shingenka ba. Zan ɗauki hutu a watan Agusta. In na zo na tarar da shingen nan a tsaye, da kwalaye zan shigo, mu kwashe kayanka, ko za ka daina yi mini magana har abada. Na gwammace ka yi fushi da ni kana raye.

Ka je ka ba Kawu Floyd haƙuri. Kalma ɗaya ce, ba ta da nauyin buhun siminti.

'Yarka,
Gail

St. Paul
Bayan bikin 'yancin kai na huɗu ga Yuli

Gail,

Lafiya lau, sai zafi da sauro. Tumatir ya fara nuna.

Na karanta. Wa ya koya miki magana a dunƙule? Mutum ya ce "rubutunka" mana, ai kalma ce da kowa ya sani. Kun yi karatu kun iya zagaye-zagaye, ga shi kin jawo mini aikin da ya cinye mini rabin bazara.

Ba zan ce miki maganar ba ta taɓa ni ba. Da na gama karantawa na fita na tsaya a gindin shingen, ina jin Floyd a ɗaya gefen yana ba furanni ruwa. Na buɗe baki, abin da ya fito tari ne. Na koma ciki. Me zan ce masa? In ce, Floyd, na zage ka a banza, na wulaƙanta ka a idon unguwa saboda ban iya karanta wasiƙar 'yata ba? Ai sai ya yi mini dariya har ranar da za a binne ɗayanmu, kuma in ni na riga shi sai ya faɗa a wurin jana'iza.

Shinge kuwa yana nan. Ban kafa shi don in cire ba. Kowace ƙusa da ciwon hannu na buga ta, ba kuma zan zare ko ɗaya ba don Penhale ya aiko da takarda ko don ke kin yi barazanar kwali. Ki zo da kwalayenki, za su yi mini amfani, ina neman abin da zan shimfiɗa in na tashi fentin ƙofar ɗakin ajiya. A gidan nan na yi miki lilo a bishiyar tuffa, a nan na jinyaci mahaifiyarki, kowane bango na san abin da yake bayansa don ni na rufe shi. Ba za ki ɗauke ni kamar tsohuwar kujera ki kai ni inda ake kashe wa mutum fitila ba.

Ranar biki na gasa haƙarƙari yadda muka saba. Hannu ya saba da awon mutum huɗu, sai da na ɗora na tuna. Ragowar tana cikin firji, ina ci da kaɗan-kaɗan. Can gidan Floyd jikoki sun zo, ina jin ihunsu, ƙaramar tana tambaya me ya sa ba a zuwa wajen Kaka Arvid. Ban ji amsar da aka ba ta ba, na shiga ciki na kunna fanka.

Abu ɗaya yake damuna da shingen. Kullum da safe, ina cikin haɗa kofi, sai in ji ya yi ƙara ta wajen murhu, kamar an ɗora masa nauyi. Na duba ginshiƙan, ko gezau. Ko katakon ne yake bushewa, ko kuwa wata dabba ce take hawa. Zan gano ta.

Mahaifinki,
Arvid

Alaska
Tsakiyar Yuli

Baba,

Ina lafiya, ina fatan kai ma haka. An ba ni hutun, na kuma kama kujera a jirgi. Na rubuta wa gidan dattawan, sun ce akwai ɗaki a ƙasa mai kallon gabas. Ban da abin ƙarawa.

Gail

St. Paul
Farkon Agusta

'Yata Gail,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki tun daga layin farko, don akwai asibiti a cikin wasiƙar nan amma ba ni aka kai ba. 'Yar guntuwar takardarki ta iso, na sa ta a ƙarƙashin ƙafar teburin da yake rawa, ta yi daidai.

Na gano dabbar da take hawa mini shinge.

Ranar Asabar na yi niyyar gasa naman ƙirjin bijimin sa, kin san shi yini yake ci a kan wuta. Saboda haka na fita da sassafe ta ƙofar gareji, ban bi ta kicin ba, ban ɗaga labule ba, ko kofi ban haɗa ba. Ina durƙushe a bayan murhu ina jera gawayi sai na ji ƙarar nan. Na ɗaga kai a hankali. Sai ga jar hula tana fitowa ta saman shinge, ga tabarau, ga hancin Floyd. Bai gan ni ba, murhun ya kare ni. Tagar kicin ɗina ya ƙura wa ido. Da ya ga labule a rufe sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ƙara takawa sama, har ƙirjinsa ya fito, ya ce, "Arvid?" Ya sake cewa da ƙarfi, "Arvid! Kai Arvid!" Gail, muryarsa rawa take yi. Shekara talatin ban taɓa jin muryar mutumin nan ta yi rawa ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa.

Da ina da hankali da na yi gyaran murya. Sai na miƙe tsaye na ce, "Me kake nema a gidan mutane, ɓarawo?"

Hular ta ɓace. Na ji tim a ɗaya gefen, sannan shiru.

Zagayawa ta titi ya yi mini nisa. Na ɗauko ƙarfen ɓanɓare ƙusa na faɗa wa shingen nan nawa. Ranar na yi da-na-sanin iya aiki, don ƙusoshin sun kama kamar an haife su a wurin. Na ɓalle falanki uku, na kutsa ta tsakanin sandunan, rigata ta yage. Na same shi kwance a cikin furannin Bernice, ya riƙe idon sawu, yana kallon sama.

Ya ce, "Ashe kana raye, la'ananne."

Na ce, "Ina raye. Kai me ya hau da kai shinge da tsufanka?"

Ya ce, "Labulenka a rufe yake."

Ashe tun ranar da na buga falankin ƙarshe, kullum da safe sai ya taka sandunan gicciye ya leƙo. In ya ga na ɗaga labule, ya ga tururin kofi, sai ya sauka ya koma abinsa. Na ce wa ya sa shi? Ya ce ba wanda ya sa shi, ranar jana'izar Lorna ya ga yadda kike kallona, ya ɗaukar wa kansa. Sannan ya ce, "Kuma na gode da ƙeyar. Da fuskar ka ba ni, sumul ɗin nan, ina zan sa ƙafa? Ƙeyarka tsani ce mai kyau, matakan ne kawai suka yi nisa."

Idona ya cika, na ce hayaƙi ne, alhali ban ma kunna wutar ba.

Bernice tana coci wajen kasuwar mata, saboda haka ni na kai shi asibiti a motata. Targaɗe ne, ba karaya, an naɗe an ba shi sanda. A hanyar dawowa ya ce, "Arvid, maganar nan ta mutu a cikin motar nan. In Bernice ta ji shinge na hau, kashina ya bushe." Na ce to me za mu ce mata? Ya ce, "Ƙofar gareji." Na ce a ƙafa? Ya ce ai ƙofar gareji ba ta zaɓe. Sai da na tsayar da mota a gefen hanya don dariya.

A nan ne na ce masa, "Rubutuna ne ya gaya wa Gail. Ba kai ba ne."

Ya ce, "Na san ba ni ba ne, ai ina wurin lokacin da ban faɗa ba." Ya jira. Ya ce, "Shi ke nan abin da za ka ce?"

Na ce, "Shi ke nan."

Kin san kalmar nan da kika ce ba ta da nauyi, na ɗaga ta na ji ta fi ƙarfina. Amma da muka dawo na kawo masa kujera gaban murhu, na hura wuta, na ɗora naman, sannan na miƙa masa awartakin juya nama. Kin san tun da aka gina murhun nan ba hannun da ya taɓa riƙe awartakin in ba nawa ba, ko mahaifiyarki ba ta taɓa shi. Ya dube shi, ya dube ni, ya karɓa. Ya yi ta buɗe murfi yana juya naman tun lokaci bai yi ba, zafin yana tsiyayewa, ni kuwa na cije leɓe na zauna a kan hannuwana. Ƙirjin san ya fito da ɗan tauri, na ce ya yi daɗi. Bernice ta dawo ta tarar da mu, ta dubi ɓarakar shingen, ta dubi ƙafarsa, ta dubi furanninta da suka kwanta daidai tsawon mutum. Floyd ya ce ƙofar gareji. Ta ce, "Lallai ƙofofin garejin unguwar nan sun yi ƙafa," ta je ta ɗauko salak ɗin dankali.

Yanzu ga matsayata, ki karanta da kyau kada ke ma ki yi irin karatuna. Shinge yana nan, ban rushe ba kuma ba zan rushe ba. Ƙeyar ma tana inda take. Penhale ya dawo da maganar juyawa, Floyd da kansa ya ɗingiso ya ce masa shi mai ƙeyar bai kai ƙara ba, a kan sandunan yake rataye tiyo da almakashin furanni, wanda ya taɓa masa su zai gamu da sandarsa. Falankai ukun nan kuwa ban mayar ba. Na sa zarto na yanke sandunan wurin, na goge bakin, ya zama hanya. In kin tsaya a tagar kicin ɗin Floyd, ta ɓarakar za ki hango ƙofata da murhu da gindin tsani. Ni ma daga tawa tagar ina hango tasa, kuma yanzu ni nake fara duba labulensa, don tsohon nan ba shi da hankali, hawa abubuwa yake yi. Murhun gas ɗin yana gareji an lulluɓe shi, ba mai tayar da zancensa.

Saboda haka ki rubuta wa mutanen nan su ba wani ɗakinsu mai kallon gabas. Ki zo da yunwa, ki bar kwalaye a Alaska. Ranar Asabar ɗin da za ki iso haƙarƙari za a gasa, kuma awartakin ya dawo hannun mai shi, sau ɗaya aka ce an ba da haƙuri, ba a ce an yi kyauta ba.

Na san na yi masa alkawarin maganar ta mutu a mota. Bernice ya ce kada ta ji, bai ce Gail ba. In kin gan shi yana ɗingishi, ƙofar gareji ce, kada ki nuna masa ke ma'aikaciyar jinya ce.

Tunda kin iya karanta hannu, ki dubi rubutun nan da kyau, layukan sun miƙe. Hannun damana ɗaya ya warke sarai. Ɗayan yana dogara sanda, ga shi can yana ƙwala mini kira ta ɓarakar shinge wai gawayi ya ƙare, bari in je.

Mahaifinki,
Arvid